Zane Mai Motsi: Abin Da Mai Koyo Yake Bukata Da Inda Zai Fara

Duk wanda ya ratsa garuruwanmu na bakin iyaka da yamma, daga Riko zuwa Magama har cikin garin Jibiya, zai tarar da abin da ya zama ruwan dare: yara biyar ko shida sun haɗa kai a kan waya guda suna kallon zane mai motsi, wanda su suke kira katun. In ka kasa kunne za ka ji Turanci ne yake fitowa, ko Indiyanci, ko Faransancin da ya tsallako daga Maraɗi. Hausa kuwa sai an tona. Gizo da Ƙoƙi, waɗanda kakanninmu suka rene mu da labarinsu, ba su sami wurin zama a cikin wayar ba tukuna.

A gefe guda kuma ga matasanmu. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasar nan, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. A waɗannan shekaru masu dako da masu lodi da 'yan acaɓa sun ga yadda abincin mutum yake tsayawa cak idan ya dogara ga ƙofar da wani yake riƙe da mabuɗinta. Shi ya sa da yawa suke neman sana'ar hannu, waɗansu kuwa sun sa ido a kan wannan aiki na zane mai motsi. Yaro yakan zo ya ce wa mahaifinsa a saya masa kwamfuta. Uban bai san abin ba, yaron ma bai gama saninsa ba. Kafin a kai rago kasuwa, ya kamata mu zauna mu fahimci yadda aikin yake, da abin da yake bukata, da abin da ba ya bukata.

Yadda zane yake motsi

Gaskiyar magana, babu zanen da yake motsi. Idon mutum ne ake yi wa dabara. Idan aka nuna hotuna masu kama da juna, ɗaya bayan ɗaya da sauri, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa, sai ido ya haɗa su ya ga kamar abu ɗaya ne yake tafiya. Ɗan makarantar da ya taɓa zana mutum a kusurwar shafuffukan littafinsa, ya saki shafuffukan da babban yatsa ya ga mutumin yana ɗaga hannu, ya riga ya yi zane mai motsi. Dattawanmu da suka kalli majigi a filin kasuwa su ma abin da suka gani ke nan.

Fim na silima yana nuna hotuna 24 a cikin sakan guda. Masu zane sukan rage wa kansu wahala, su bar kowane zane ya fito sau biyu, watau zane 12 a sakan. Bari mu yi lissafi. Minti ɗaya sakan 60 ne, saboda haka zane 720 ke nan. Wanda yake iya yin zane 20 a yini zai yi kwana 36 kafin ya cika minti guda. Bafaranshe Émile Cohl, wanda ya fitar da ɗaya daga cikin finafinan zane na farko a 1908, ya yi zane wajen 700 domin fim ɗin da bai kai minti biyu ba. Kwamfuta ta sauƙaƙa gogewa da shafa launi da adanawa, amma ba ta ɗauke wannan lissafi ba. Wanda ba shi da haƙuri, ko an saya masa kwamfutar da ta fi kowace tsada, ƙura ce za ta rufe ta.

Maƙwabcinmu na Tawa

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne kaɗai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shi a Afirka ta Yamma mutumin Nijar ne, Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942. Da makanikanci ya fara. Tun yana saurayi yakan yi wa jama'a wasan inuwa da fitila da zanen da ya yi da hannunsa. Daga baya ya yi aiki a Yamai tare da Bafaranshe Jean Rouch, sa'an nan ya tafi Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin wannan fanni.

A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, labarin fadar wani sarkin kwaɗi. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, fim na minti biyar, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa aka yi ta fareti da kaɗe-kaɗe. Zanen ba shi da ado, baƙin layi ne a kan fari, amma duk wanda ya kalla ya gane da wa ake. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Ya kuma yi Kokoa, watau kokawa, inda dabbobi suke shiga fili suna kayar da juna kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. Ya zauna shekaru da yawa a Tawa, a can yake da masaukin baƙi da ɗakin aikinsa, da tsufansa kuma ya koma yana gwada aikin da kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015.

Darasin da ke cikin rayuwarsa a fili yake. Labari yake da shi, da ido mai lura, da naci. Kayan aiki kuwa, abin da ya samu a hannunsa da shi ya yi.

A wannan zamani ma akwai masu bin sawu. Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a Abuja a 2010, labarin yaro da 'yar'uwarsa, an kuma juya shi zuwa harsuna da dama har da Hausa. Ƙungiyar Ubongo ta ƙasar Tanzaniya ita ma ta juya shirinta na yara, Akili and Me, zuwa Hausa. Amma waɗanda aka ƙaga da Hausa tun daga tushe, da tunanin Bahaushe, har yanzu ba su da yawa.

Kayan aiki

Na farko shi ne fensir da takarda. Wanda bai saba zana jaki a takarda ba, ba zai iya zana shi a kan gilashi ba. A sami littafi guda, a riƙa zana abin da ido ya gani: mai tallan fura, raƙumi a tsugune, tsoho a kan keke.

Na biyu, waya. Wayar Android da take gidaje da yawa ta isa mai koyo ya fara. Ana iya zane da yatsa, amma akwai ɗan alƙalami mai bakin roba da ake sayarwa a shagunan kayan waya, ya fi ba da layi mai kyau. A tanadi katin ajiya, gama hotuna suna cika waya da sauri.

Na uku, kwamfuta, amma sai an ga alamar naci. Idan lokacin ya yi, abin da za a fara tambaya shi ne girman RAM, watau ƙwaƙwalwar da kwamfuta take aiki da ita nan take. Mai giga 4 za ta ɗauki ƙananan manhajojin zane. Mai son aiki mai nauyi kada ya sayi ƙasa da giga 8. Ta hannu ma tana yi, irin waɗanda ake samu a Katsina ko a Titin Beirut a Kano. Sai dai a tafi da wanda ya san kan abin, a cire ta daga wuta a ga tsawon lokacin da batirinta yake riƙewa, a kuma sa mata manhajar da za a yi aiki da ita a gwada kafin a biya.

Na huɗu, allon zane. Yin zane da linzamin kwamfuta kamar rubutu da taɓarya ne. Allon wani faifai ne da ake haɗawa da kwamfuta, yana da alƙalaminsa. In ka danna da ƙarfi layi ya yi kauri, in ka sassauta ya yi siriri. Kamfanin Wacom na Japan ne ya yi suna a kansa, ga kuma Huion da XP-Pen na ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi. Ƙarami marar gilashi ya ishi mai koyo.

Sa'an nan a tuna da inda muke zaune. Wuta ba ta da tabbas, saboda haka ƙaramin faifan sola ko batirin cajin waya yana cikin lissafi. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iskar kwamfuta, zafin bazara kuma yana gajiyar da ita. A riƙa rufe ta da ƙyalle, kada a ɗora ta a kan katifa tana aiki. Kowane mako a kwafe aikin a filashi a ajiye dabam, domin aikin wata uku yana iya salwanta a dare ɗaya.

Manhajoji

Manhaja ita ce tsarin da ake sa wa waya ko kwamfuta domin ta yi wani aiki. A nan ne ake yawan cutar marasa sani, ana sayar musu da abin da kyauta ne, ko kuwa a ba su na sata.

A waya, wadda masu koyo suka fi amfani da ita ita ce FlipaClip. Tana ba ka falle bayan falle ka yi zane, ka zaɓi yawan zane a sakan, ka sa murya, ka fitar da bidiyo. Ta kyautar tana zuwa da talla, tana kuma buga tambarinta a jikin aikin. Akwai Stop Motion Studio domin masu ɗaukar hoton 'yan tsana.

A kwamfuta, Pencil2D ce mafi sauƙi, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Krita ta fi ta kayan shafa launi, tun 2016 kuma aka ƙara mata sashen zane mai motsi. OpenToonz ta samo asali daga manhajar da Studio Ghibli na Japan ya yi aiki da ita, a 2016 aka sake ta kyauta. Babbarsu ita ce Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta zama ta kowa da kowa a 2002. Da ita ake gina siffa mai gaba da baya da gefe, kamar sassaƙa. Kada a raina ta don kyauta ce: fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda da Blender aka yi shi, shi ya ci kyautar Oscar ta finafinan zane a 2025. Domin gyaran murya kuma akwai Audacity.

Waɗannan na kwamfuta da muka lissafa, masu su sun yarda a kwafa a ba wani. Mutum ɗaya ya sauko da su, sauran su karɓa ta filashi, babu laifi a ciki. Bayan haka suna aiki ba tare da intanet ba. Mutanen Jibiya sun san darajar wannan, gama a Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Jibiya tana ciki, aka yi watanni a haka. Akwai manhajoji na kuɗi kamar Toon Boom Harmony da Maya, waɗanda manyan kamfanoni suke biya. Mai koyo ba ya bukatarsu. Waɗanda aka fasa ake rabawa a ɓoye kuwa kayan sata ne, sau da yawa kuma da cutar kwamfuta suke zuwa.

Matakan aikin

Bari mu ɗauki misali: Gizo ya hau bishiya satar ɓaure, reshe ya karye, ya faɗo. Sakan 30 kawai.

Mataki na farko, a rubuta labarin cikin layi biyar ko shida. Wa ke ciki, me yake so, me ya same shi. Idan labarin bai ba da dariya ko tausayi a baki ba, zane ba zai cece shi ba.

Na biyu, allon labari. A raba takarda gida-gida, a zana abin da mai kallo zai gani a kowane wuri: Gizo a gindin bishiya, Gizo a kan reshe, fuskarsa sa'ad da ya ji ƙarar reshe, Gizo a ƙasa. A nan ake gyara, tun gyara bai yi tsada ba.

Na uku, siffar 'yan wasa. A zana Gizo ta gaba da ta gefe, a tsai da kamanninsa. A sauƙaƙa shi ƙwarai, gama kowane maɓalli da aka sa wa rigarsa sai an sake zana shi sau ɗaruruwa.

Na huɗu, murya. Ana ɗaukar murya kafin a yi zane, ba bayansa ba, domin a auna motsin baki da ita. A shiga ɗaki mai labule da katifa, da dare bayan gari ya yi shiru, a ɗauka da waya. Siffar baki kaɗan ta isa: a rufe domin m da b, a buɗe domin a, a zagaye domin o da u.

Na biyar, manyan zane. Ba a bin zane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a jere. Ana fara kafa ginshiƙai: Gizo ya tanƙwara zai yi tsalle, Gizo a sama, Gizo ya kama reshe. Idan waɗannan sun zauna daidai, sai a cike tsakaninsu. Manhajojin nan duka suna nuna inuwar zanen da ya gabata a ƙarƙashin sabon falle, domin hannu ya san inda zai gusa. Ƙa'ida guda a riƙe: zanen da suke kusa da juna suna ba da motsi a hankali, waɗanda suka yi nisa da juna suna ba da sauri. Shi ya sa malaman wannan aiki suke fara ba ɗalibi ƙwallo ya zana tana faɗuwa tana tashi. Takan yi jinkiri a sama, ta yi sauri a ƙasa, ta ɗan baje in ta bugi ƙasa, ta miƙe in ta tashi. Wanda ya iya ƙwallo ya kama hanyar iya Gizo.

Na shida, launi da bango. Manhaja tana jera zane hawa-hawa, kamar gilasai a kan juna. Bishiya da sararin sama suna hawan ƙasa, sau ɗaya ake zana su. Gizo yana hawan bisa, shi kaɗai yake sakewa. Haka kuma tafiya: zane 8 sun isa taku biyu, sai a sa su su yi ta maimaituwa. Da irin waɗannan dabaru ake rage zane 360 na sakan 30 ya koma abin da mutum ɗaya zai iya.

Na ƙarshe, a haɗa murya da hoto a fitar da shi bidiyo, irin wanda ake kira MP4, wanda kowace waya take buɗewa. Sai a nuna wa yara. In ba su gane abin da ya faru ba sai da aka yi musu bayani, a koma allon labari.

Wanda hannunsa bai faɗa da zane ba, akwai hanyar 'yan tsana, irin ta Samba le Grand. Yaranmu sun iya gina shanu da yumɓu da ƙera mota da kara. A kafa waya a wuri ɗaya kada ta motsa ko kaɗan, a ɗauki hoto, a gusa san yumɓun kaɗan, a sake ɗauka. A yi shi a cikin ɗaki da fitila, domin hasken rana yana sakewa, hoton ya riƙa ƙyaftawa.

Hanya ta uku ita ce ta siffa mai jiki, irin ta Toy Story na 1995, dogon fim na farko da aka yi dukansa da kwamfuta. A nan ana gina siffar, a sa mata ƙasusuwa, a motsa ta, sa'an nan kwamfuta ta ɗauki sa'o'i tana fitar da hotunan. Wannan ce take cin kwamfuta mai ƙarfi. Kada mai koyo ya fara da ita. Sai an yi rarrafe ake tafiya.

Shawara ga iyaye da matasa

Iyaye, idan yaro ya zo da wannan magana, kada a kore shi, kada kuma a yi gaggawar sayar da dabba. A ce ya kawo sakan 10 na ƙwallo mai tsalle da ya yi a waya. In ya kawo, a ce ya kawo sakan 30 mai labari da murya. Wanda ya cika waɗannan biyu ya nuna halinsa, ya cancanci a taimake shi. Wanda ya kasa kuwa, an tsira da kuɗin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Matasa kuma, kada a ruɗe ku da cewa kuɗi yana zuwa da wuri. Sana'a ce kamar ɗinki ko kafinta, tana cin shekaru kafin ta ciyar da mai ita. Ƙofofin da take buɗewa su ne gajerun tallace-tallace na masu shaguna, saƙonnin kiwon lafiya da na noma, darussan yara, da aiki tare da masu shirya finafinai a Kano. Kada a bar makaranta ko gona dominta. Zai fi kyau mutum uku ko huɗu su haɗa kai, a zumuntar matasa ko a unguwa: wannan ya rubuta labari, wannan ya yi zane, wancan ya shafa launi, mai murya ya yi murya. Kwamfuta ɗaya ta ishe su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kuma kula da abin da ake zanawa. Abin da aka saka a waya yau, gobe yana Maraɗi, jibi yana Kano, ba a kuwa iya kiransa ya dawo. Kada a yi ba'a da ƙabilar wani ko addininsa ko naƙasarsa. Kada a ɗauki waƙar wani a sa ba da izininsa ba. Kwaɗin Alassane sun faɗi gaskiya mai ɗaci, ba su kuwa ambaci sunan kowa ba.

Tsofaffin da suka san tatsuniyoyinmu suna raguwa kowace shekara. Saboda haka aikin farko ga mai son wannan sana'a ba ya bukatar ko sisi. Ya je wurin kakarsa a wannan mako, ya roƙe ta tatsuniya guda, ya ɗauki muryarta da waya. Sa'an nan ya ɗauko fensir, ya raba takarda gida shida.